Kwamandan Ƙananan Jirage a Cikin Uwar Kumbo: Ina Aikinsa Ya Fara, Ina Ya Tsaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya a kan yaƙi a sararin samaniya. Akwai wani ƙaton kumbo mai dakon ƙananan jiragen yaƙi 40, gwarzon labarin kuma shi ne kwamandan waɗannan ƙananan jirage. Na kai babi na biyar na cije, don na rasa aikin da zan ba shi. In na bar shi a cikin uwar kumbon, sai ya koma ɗan amshin shatar kyaftin. In na tura shi fagen daga, sai ya zama matuƙi kawai kamar saura. To mene ne ainihin aikinsa, kuma tsakaninsa da kyaftin wa ke gaba da wa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, tambayoyi biyu ka ɗaure wuri guda: ina ikon wannan mutumin ya tsaya, kuma me yake yi da yininsa in ban da harbi. Inda ka cije ɗin nan, kusan duk wanda ya taɓa turo mini irin wannan labari don in duba masa, nan yake cijewa. Abin da ke jawo haka shi ne ana ɗaukar kwamandan a matsayin wanda ya fi kowa iya tuƙi da saiti, daga nan kuma sai a rasa abin da ya bambanta shi da yaransa. Aikinsa lissafi ne: wa zai fita, da mai nawa, kuma ta wace hanya zai dawo. In ka riƙe wannan, babi na biyar zai warware maka da kansa.

Daga teku aka aro shi

Muƙamin nan ba marubuta suka ƙirƙira shi ba, a wurin sojojin ruwa suka aro. A 1938 rundunar ruwan Amurka ta haɗa rukunonin jiragen saman da ke kan kowane jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi a ƙarƙashin hafsa guda, aka riƙa taƙaita sunan muƙaminsa da haruffa uku, CAG, wato kwamandan ayarin jiragen sama a Turance. A watan Disamba na 1963 an canja wa ayarin jiragen suna, amma haruffan suka ƙi mutuwa, har yau da su ake kiran mutumin. In ka ci karo da su a fim ko a wasan kwamfuta na yaƙin samaniya, daga can suka fito.

A kan irin wannan jirgin ruwa mutum uku ne ya kamata ka rarrabe. Kyaftin shi ne mai jirgi: inji, alƙibla, gudu, kashe gobara, har dandamalin da jiragen sama ke tashi da sauka, duk nasa ne. A ƙarƙashinsa akwai hafsan da ke zaune a hasumiya yana kallon dandamalin. Shi ke cewa wannan ya tashi, wancan ya jira, kuma ikonsa bai wuce mil 5 daga jirgin ba. Na ukun shi ne naka, mai jiragen sama da matuƙansu da makanikansu. Shi da mutanensa kamar 'yan haya suke a gidan kyaftin, don idan jirgin ruwan ya koma gida, sukan tashi su tafi sansaninsu na tudu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kwamandan jiragen yana ƙarƙashin kyaftin ne kai tsaye. A shekarun 1980 aka ɗaga muƙamin ya yi kafaɗa da na kyaftin, su biyun suna amsa umarnin admiral guda. Ke nan tambayarka ta wa ke gaba da wa tana da amsa biyu, kowacce da tarihinta, zaɓi naka ne.

Ni dai na biyun nake ba ka shawara. An ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma ga shi an yi, kuma a nan gizo ke saƙa. Bukatunsu sun saɓa tun daga tushe. Jirgin ruwa ba ya harba jirage ko karɓarsu sai ya juya ya fuskanci iska, ya miƙe ɗoɗar na wani lokaci, wanda shi ne lokacin da ya fi sauƙin samu ga abokan gaba. Kyaftin yana ɗauke da rai kusan 5,000 a manyan jiragen yau, ga mai da makamai jibge a cikinsa. A 1967 roka guda da ta kuɓuce a kan dandamalin jirgin Forrestal ta tayar da gobarar da ta ci mutum 134. Shi yana son ya matsa, ya kauce, ya rufe ƙofa. Kwamandanka kuwa ya yi wa matuƙansa alkawari cewa za su tarar da gida a wuri kaza da ƙarfe kaza. Babu mugu a cikinsu, kowa da gaskiyarsa.

Safiya guda a Midway

Duk mai son rubuta wannan mutumin ya zauna ya karanta abin da ya faru ranar 4 ga Yuni, 1942, a yaƙin tsibirin Midway tsakanin Amurka da Japan, don a safiya guda an ga aikin ta kowace fuska.

Wade McClusky shi ne kwamandan jiragen saman da ke kan Enterprise, jirgin ruwan Amurka. Ya ja jiragen jefa bom 30 da 'yan kai zuwa inda aka ce masa rundunar Japan take, ya isa, ya tarar da teku fayau babu kowa. Man da ke cikin tankunan yaransa ya riga ya yi ƙasa. Ga zaɓi biyu: ya juya gida da kowa lafiya ba tare da ya yi komai ba, ko ya ci gaba da laluben da zai sa wasu su faɗa ruwa a hanyar dawowa. Ya ci gaba. Wajen ƙarfe goma saura ya hango wani ƙaramin jirgin yaƙin Japan, Arashi, shi kaɗai yana sheƙa gudu, ya ce a ransa wannan gida yake komawa, ya bi sawunsa. Haka ya faɗo kan manyan jiragen Japan. Ka lura, abin da ake tunawa da shi a kai ba harbi ba ne, shawarar da ya yanke ce a kan mai da alƙibla. Da aka zo wurin jefa bom ɗin ma sai da aka yi kuskure: rukunoninsa biyu suka rufta wa jirgi ɗaya, Kaga, sai Dick Best, shugaban ɗaya daga cikin rukunonin, shi ne ya janye da jirage biyu a bayansa suka nufi Akagi. Kuma farashin da McClusky ya hango ya tabbata, don da yawa daga cikin jiragensa man su ya ƙare kafin su ga gida.

A wannan safiyar dai, takwaransa na jirgin Hornet, Stanhope Ring, ya ɗauki alƙiblar da ba ta kai shi ko'ina ba. Ɗaya daga cikin shugabannin rukunoninsa, John Waldron, ya yi masa gardama ta rediyo, ya ɓalle da jiragensa 15. Waldron ne da gaskiya, ya sami abokan gaba, amma ya same su ba tare da rakiya ba. An harbo duka 15 ɗin, cikin mutum 30 mutum ɗaya ya rayu, George Gay. Jiragen rakiya 10 da suka tafi da Ring kuwa duk a ruwa suka sauka saboda rashin mai. Ina kawo maka wannan ne domin marubuta suna son gwarzo mai bijire wa umarni, ya yi nasara, a tafa masa. A zahiri mai bijirewar yana iya zama da gaskiya kuma ya hallaka duk wanda ya bi shi.

A ɓangaren Japan ma lissafin dandamali ne ya shaƙe su. Jiragen da suka kai hari tsibirin suna dawowa da ɗan guntun mai suna neman sauka, a daidai lokacin da aka sami labarin jiragen Amurka. Dandamalin wancan zamani miƙaƙƙe ne, ba a jera jiragen tashi a kansa ana kuma karɓar masu sauka. Admiral Nagumo ya zaɓi ya karɓi masu dawowa tukuna, bom ya riske shi kafin ya kai harin.

Shekara biyu bayan nan, ranar 20 ga Yuni, 1944, a tekun Filifin, Amurka ta harba jirage sama da 200 da yamma liƙis, an san sarai cikin duhu za su dawo. Kimanin 20 aka rasa a faɗan, kimanin 80 a hanyar gida da wurin sauka. Admiral Marc Mitscher ya ba da umarnin a kunna fitilun jiragen ruwa gaba ɗaya, duk da haɗarin jiragen ƙarƙashin ruwa. Ba kyaftin ba ne ya yanke wannan, ba kuma kwamandan jirage ba, na sama da su ne. In uwar kumbonka ita kaɗai take tafiya babu admiral a ciki, to ka san ka cire mai raba gardama, kuma dole labarin ya nuna abin da hakan ke jawowa.

Abin da samaniya ta canja

Matsalar McClusky ta neman abokan gaba kusan ta gushe a can. Babu gajimare, babu doron teku da ke ɓoye abin da ke bayansa, sanyin sararin ya kai kusan 270 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, inji mai zafi kuwa kamar fitila yake a daren da babu wata. Za ku ga juna tun daga nesa. Amma abin da kake gani tsoho ne. Haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa. Tsakanin duniya da wata ma sai ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori. In fagen daga yana nisan kilomita miliyan 3 daga uwar kumbo, hoton da kyaftin yake kallo ya kwana daƙiƙa 10, umarninsa kuma zai ci wasu 10 kafin ya isa. Yanzu ka ɗauka ɓangarorin biyu suna nufar juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 10 a daƙiƙa, makamansu kuma suna kaiwa nisan kilomita 100. Daga shiga zango zuwa fita, daƙiƙa 20 ne cif. Kafin amsar kyaftin ta iso an gama, an wuce juna. Zuwa da kai ya fi aike, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za ka ba mai karatu in ya tambaye ka me ya sa ake sa mutum mai jini a ƙaramin jirgi alhali ga jirgi marar matuƙi. Dole ka ba da hujjar, don jikin ɗan Adam rauni gare shi: ƙwararren matuƙi da rigar matsi ta musamman yana jure nauyin da ya ninka nasa sau 9 na ɗan lokaci ne kawai, na'ura kuwa ba ta suma.

Babban abin shi ne dawowa. A sama ta duniya, in ka ɗaga ƙafa iska za ta rage maka gudu kyauta, fiffike kuma zai juya ka. A samaniya babu kyauta. Tashi mai ne, tsayawa mai ne, juyawa mai ne. Makami mai linzami sau ɗaya yake biya, don ba ya da niyyar dawowa. Jirgin da ke da mutum a ciki sau huɗu: ya ɗauki gudu, ya taka birki, ya ɗauki gudun komawa, ya sake taka birki a ƙofar gida. Kuma ba ninki huɗu ba ne kawai, don man da za ka ƙona a ƙarshe sai ka yi dakonsa tun daga farko. Lissafin nan masanin kimiyyar Rasha Konstantin Tsiolkovsky ya buga shi tun 1903. In zango ɗaya yana cin rabin nauyin jirgin, to zango huɗu suna cin kashi 15 cikin 16. Abin da ya rage, kashi ɗaya tak, shi ne matuƙi da kujerarsa da inji da makamai da iskar shaƙa.

Don haka a labarinka majaujawar da ke cilla jirage daga uwar kumbo ba ado ba ce, ita ke biyan zangon farko. Zangon ƙarshe kuwa, in tanki ya bushe, uwar ce kaɗai za ta iya biyansa, ta ƙona nata man ta je ta daidaita gudu da yaran ta tsince su. Wa ke da ikon juya uwar? Kyaftin. Ka ga mun dawo kan fitilun Mitscher.

In faɗan a kewayen wata duniya ake yi, akwai ƙarin juyin waina. A watan Yuni na 1965, ɗan sama jannatin Amurka James McDivitt a cikin kumbon Gemini 4 ya so ya matsa kusa da gangar rokar da ta kawo su. Ya saita hanci gare ta ya ba da wuta, kamar yadda kowane matuƙin jirgin sama zai yi, sai ta ƙara nisa. Ya ƙona kaso mai tsoka na mansa, ya haƙura. Dalili shi ne mai ƙara wuta gaba yana hawa falaki na sama, na sama kuma a hankali yake kewayawa, sai a bar shi a baya. Sai a Disambar shekarar Wally Schirra ya kawo Gemini 6A dab da Gemini 7, bayan an zauna an yi lissafi. McDivitt gogaggen matuƙin gwaji ne, amma hannunsa ya yaudare shi. Kwamandanka shi ne wanda zai riƙa hana yaransa bin abin da hannunsu yake gaya musu.

Ni da abokaina mun ɗauki shekaru muna gwada waɗannan abubuwa a kan tebur, da faffaɗar takarda mai layuka. Murfin kwalba shi ne jirgi, kowane murfi da tsinken ashana 10, duk sauyin gudu tsinke ɗaya. Dabarar ba tawa ba ce. John Thach, matuƙin jirgin yaƙin Amurka, da tsinken ashana ya tsara salon saƙar jirage biyu-biyu a kan teburinsa a 1941, ya kuma gwada shi a Midway. Wata rana ni ne kwamandan jirage, da murfi 12. Na kashe tsinke uku wajen ɗaukar gudu, na ga abokan gaba sun karkace, zuciya ta ɗebe ni na kashe wasu uku ina bin su. Na kuwa ci su. Ina cikin murna abokina da ke riƙe da kujerar kyaftin ya miƙo yatsa ya ƙirga abin da ya rage a gaban kowane murfi: huɗu. Uku na tsayawa, ɗaya na kama hanyar gida da jan ciki, na birki babu. Na ce ya zo ya ɗauke mu. Ya nuna mini wani jirgin abokan gaba da ke gefen takarda yana jiran uwar ta motsa, ya ce ba zai sayar da gida don murfi 12 ba. Mun fi rabin sa'a muna musu, ba a matsar da ko murfi ɗaya ba, kuma a duk wasannin da muka yi babu wanda ake tunawa kamar wannan. Tun daga ranar, kafin in taɓa murfi nakan ware tsinken dawowa in tura su can gefe inda hannuna ba zai kai ba.

To ya fita ko ya zauna?

Hanya uku ce a gabanka. Ya zauna a uwar kumbo yana kallon allo: ya fi ganin komai, amma jinkirin haske ya mai da shi mai kallon abin da ya riga ya wuce, kuma da wuya matuƙa su ci gaba da miƙa wuya ga wanda bai taɓa zama inda suke zama ba. Ya ja gaba a sahun farko: wannan ya fi daɗin rubutawa, kuma yana da asali, don kwamandan jiragen Japan Mitsuo Fuchida da kansa ya jagoranci harin da aka kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor a 1941, kwamandojin Amurka na yau ma suna tashi. Illarsa, mai kare kansa daga harbi ba ya iya ƙirga man mutum 39. Ta ukun ita na fi so: ya fita, amma a jirgi mai kujera biyu ko uku da ke bin ayarin a baya kaɗan, cike da na'urorin hange da sadarwa, kusa yadda muryarsa za ta isa nan take, nesa yadda kansa zai zauna daidai. Ka ba shi mataimaki, kada ka taɓa fitar da su tare. Sannan ka ajiye shigarsa sahun farko sai sau ɗaya a duk littafin, ranar da dalilin ya kai.

Kafin ranar, aikinsa a gaban allo yake. A jiragen Amurka akwai wani tebur mai siffar dandamali da ake jera 'yan ƙananan siffofin jirage a kai, ana ɗora musu noti ko fil don nuna wanda ke bukatar mai da wanda ke jiran gyara. Ka yi wa uwar kumbonka irinsa. Jirage 40 a takarda ba 40 ba ne a ƙofa: wasu an kwance musu inji, wani an ciro masa kaya an gyara ɗan'uwansa. Shugaban makanikai zai ce masa guda kaza ne lafiyayyu, kyaftin yana son ya ji fiye da haka. Akwai matuƙin da ya kwana uku bai runtsa ba yana rantsuwa lafiyarsa lau, amma kofi yana kaɗawa a hannunsa, kuma sai an cire sunansa daga jerin masu fita a gaban abokansa. Akwai tambayar guda nawa za a bari su tsare gida, nawa za su tafi hari. Akwai ta wa za a haɗa da wa, tsohon hannu da sabon shiga. Japan ta bar gwanayenta a fagen daga har suka ƙare, Amurka kuma tana mai da nata gida su koyar da na baya. Ranar 19 ga Yuni, 1944, Japan ta yi asarar jirage sama da 300 a yini guda, akasarinsu a hannun matuƙan da ba su ƙware ba. Wasiƙar ta'aziyya ga iyalan wanda bai dawo ba ma tana jiran sa hannunsa, ba sai na tsawaita a nan ba.

Iyakata a wannan magana ita ce tarihin teku karatu ne a wurina, gwajina kuma bai wuce tebur da ashana ba. Babu ɗan Adam da ya taɓa yin irin wannan yaƙi a samaniya, saboda haka duk abin da na gina a kan lissafin mai zai rushe in ka ba jiragenka injin da ba ya ƙishi. Kana da 'yancin yin haka, labarinka ne. Sai dai in ka cire mai, ka sa wani abu a gurbinsa da ke ƙarewa: iskar shaƙa, ko zafin da ke taruwa a jikin jirgi ya rasa inda zai fita, ko yawan ƙofofin da za a iya karɓar jirage a lokaci guda. Ka faɗa wa mai karatu dokar tun babin farko, kada kuma ka karya ta ranar da gwarzonka ya shiga tsaka mai wuya.

Babi na biyar ɗin, gwada buɗe shi a gaban allon nan, sa'a biyu kafin fita, lafiyayyun jirage 31, kyaftin ya aiko cewa ba zai jira a mahaɗa fiye da minti 40 ba, lissafin kwamandan kuma ya nuna masa rukuni na uku sai minti 55 zai iso. In ka rubuta, turo mini tare da adadin man da ka ba kowane jirgi, mu ƙirga tare.